Kogin da na fara haɗuwa da shi a cikin lambatu

Daren da na sauka a birnin Mendoza na ƙasar Ajantina saura ƙiris in karya ƙafa, kuma ba komai ne ya jawo ba sai lambatu. Na fito daga tasi da jaka a kafaɗa, idona na kan waya ina duba lambar gidan da aka kama mana, kawai sai ji na yi ƙafata ta dama ta zurma har gwiwa, ruwa mai sanyi kamar daga firji ya cika min takalmi. Abin da ya fara zuwa min a rai shine shikenan na faɗa kwata, ga shi ban yi isha'i ba. Direban tasin ya fito yana ƙyaƙyata dariya yana ta zuba Sifaniyanci yana nuna min yamma da hannu, ni dai ban tsinci komai ba sai kalma ɗaya da yake ta nanatawa, agua, agua, wato ruwa. Na sunsuna wandon, ba wari. Na haska da fitilar waya, ruwa ne kawai yake gudu abinsa a gindin bishiyoyi.

Sai da gari ya waye na gane inda na zo. Kusan duk titin garin nan, hagu da dama, akwai irin wannan 'yar magudanar a buɗe tsakanin kwalta da inda mutane ke takawa, wata an jera mata duwatsu wata an yi mata siminti, a bakinta kuma manya-manyan bishiyoyi ne a jere har rassansu sun haɗe a sama sun yi wa titi rumfa. Ba ruwan wanka bane ba na wanke-wanke ba, ruwan kogi ne aka janyo ana shayar da bishiyoyin gari da shi. Suna ce mata acequia, asekiya in da bakinmu ne, da na tambayi asalin kalmar sai aka ce min ai Larabci ce, as-saƙiya, ta shiga Sifaniyanci tun zamanin Andalus sannan ta tsallako teku tare da su. Tushensu ɗaya da istisƙa'i, sallar roƙon ruwan da muke fita in damina ta yi gardama. Wallahi na wuni ina jujjuya wannan a raina.

Ni ɗan Kura ne, a bakin kanal na tashi, a ciki na koyi iyo kuma a kansa na sha bulala ba sau ɗaya ba. Gonar Babanmu tana can ƙarshen layi, wutsiya, inda ruwa ke isowa bayan kowa ya sha ya ƙoshi, in ya iso ɗin kenan. To wani ɗan kwas na sati uku kan rabon ruwan noman rani ne ya kai ni Ajantina, a watan Fabrairu, wanda a wajensu zafi ne sosai tunda komai nasu a juye yake da namu, Disamba su ke gumi Yuli su ke rawar ɗari.

Mendoza tana can yammacin ƙasar, kilomita dubu da ɗoriya daga Buenos Aires, a gindin tsaunukan Andes, in ka tsallaka tsaunukan ka shiga Chile. Ruwan saman da suke samu a shekara bai wuce milimita 200 da 'yan kai ba. Kano a shekarar da ba fari muna samun kusan ninki huɗu na wannan, Tawa ta Nijar ma ta fi su, sai dai ka haɗa su da su Agadas. Daga jirgi abin da za ka gani ƙasa ce ja-ja mai ƙaya da duwatsu har iya ganinka, sai kwatsam kore shar kamar an sa wuƙa an yanka iyakar. Wannan koren bai kai kashi 5 cikin ɗari na faɗin lardin ba amma kusan duk mutanen lardin a cikinsa suke, gidajensu da gonakinsu da masana'antunsu. Inda kanal ya tsaya nan rayuwa ta tsaya, ba ƙari a maganar, za ka ga gonar inabi a dama da titi, a hagu kuma hamada tsagwaronta.

Kogin shi ma sunansa Mendoza, kuma abin dariya bai ma ratsa cikin birnin ba, ta kudu yake wucewa wajen garin Luján de Cuyo. Asabar ɗin farko aka zuba mu a bas aka ce za a kai mu mu ga kansa. Muka kama hanya mai lamba 7, wadda ita ce babbar hanyar zuwa Chile, tireloli ne a kanta ba dare ba rana, kuma hanyar kogin take bi tiryan-tiryan don babu wata kafa da za a bi a ratsa dutsen in ba wadda ruwa ya riga ya sassaƙa ba. Muna hawa kunnuwana na toshewa, mun wuce Potrerillos, mun wuce kwarin Uspallata mai dogayen bishiyoyi, daga nan kuma ba sauran kore, duwatsu ne tsirara masu launi kala-kala, ja da ruwan toka da rawaya, har muka kai wani ɗan wuri da ake kira Punta de Vacas, sama da mita 2,000 daga doron teku. A nan ne ƙoramu uku suke haɗuwa, Cuevas da Tupungato da Vacas, daga nan ne ake fara kiransa kogin Mendoza, kuma daga nan zuwa inda yake ƙarewa kilomita 273 ne.

Abin da ya fi juya min kai shine wannan. Mu a wajenmu kogi ɗan damina ne, ruwan sama ya sauka ya cika ya yi ambaliya, bazara ta zo ka ga yara na ƙwallo a cikin yashinsa. Su kuma rana ce take kawo musu ruwa. Da sanyi, daga wajen Mayu zuwa Satumba, dusar ƙanƙara na zuba a kan tsaunukan ta taru, ga kuma tsohuwar ƙanƙarar da ta daskare shekaru aru-aru a ƙwanƙolin duwatsun irin su Aconcagua, wanda tsayinsa mita 6,961 ne, babu dutsen da ya kai shi a duniya in ka cire na nahiyar Asiya. In zafi ya shigo sai ta fara narkewa, iya zafin rana iya cikar kogi, Disamba da Janairu da Fabrairu yana tumbatsa yana ruri, daidai lokacin da shuka ta fi jin ƙishi, da sanyi kuma ya koma ɗan siriri. Wato rumbun ruwansu a sama yake a daskare, Allah ne ya gina musu dam ɗin farko ba da sisin kowa ba. Shi yasa manomin Mendoza in ya ɗaga kai ba hadari yake nema ba, farin dusar ƙanƙara yake dubawa a kan dutse. Duk shekara ma'aikatan ruwa na hawa su auna kaurin dusar da ta zuba, a watan Oktoba su fitar da sanarwar yawan ruwan da ake sa ran kogi zai kawo, kowa ya san yadda zai tsara shukarsa tun kafin ya zuba kuɗi a ƙasa. Na tuna yadda mu muke zuba iri da taki da bashi sannan mu zo muna tambayar ko za a saki ruwa.

Launin ruwan a can sama kamar an dama kunun kanwa, ja-ja mai kauri, yana gangaro da tsakuwa da laka, in ka tsaya a baki kana jin duwatsu na gwaruwa a ƙarƙashi ƙwal-ƙwal. A haka samari da 'yan yawon buɗe ido suke shiga kwalekwalen roba su bi shi suna ihu, an ce mu gwada na ce a kai kasuwa, iyon kanal daban wannan daban. Gaba kaɗan akwai Puente del Inca, wata gada da ba mutum ne ya gina ba, dutse ne ya yi baka a kan ƙoramar Cuevas, ruwan zafi mai gishiri-gishiri na tsattsafowa ya rina wajen rawaya da ruwan goro, yana da kyau a hoto amma ni lokacin kaina sarawa yake saboda tsayin wurin, hoto biyu na ɗauka na koma bas. Duk tsawon hanyar kuma kana ganin ragowar titin jirgin ƙasa da gadojinsa sun yi tsatsa, wanda aka buɗe a 1910 yana haɗa su da Chile, ya daina aiki a 1984. Ta wannan kwarin ne ma wani sashe na rundunar San Martín, jagoran yaƙin 'yancin Ajantina, ya bi a 1817 lokacin da suka tsallaka don yaƙar Sifaniyawa a Chile.

Kada ka ɗauka kogin nan salihi ne. A watan Janairun 1934 wata ƙatuwar ƙanƙara da ta gangaro ta toshe ƙoramar Plomo a can sama, ruwa ya taru a bayanta ya zama tafki, ranar da ta ɓalle sai da ruwan ya share gadoji da titin jirgi da tashar lantarki ta Cacheuta da otal ɗin da ke wajen, aka yi asarar rayuka, alhali ko ɗigon ruwan sama ba shi ne sila ba.

A dawowa muka tsaya a dam ɗin Potrerillos, wanda aka fara ginawa a 1999 ya fara tara ruwa a farkon shekarun 2000, tsayin bangonsa mita 116. In ka san Tiga ba zai ba ka tsoro ba, abin da yake ɗauka bai kai rabin na Tiga ba, sai dai kyau kam ba a magana, kunun kanwar nan da ya shigo ta sama sai ya kwanta ya zama shuɗi-kore garau tsakanin duwatsu. Amfaninsa a fili yake, yana riƙe rarar ruwan zafi a sake shi a watannin Satumba da Oktoba lokacin da inabi ke tohowa kogi kuma bai cika ba tukunna, yana juya injinan lantarki a Cacheuta da Álvarez Condarco, kuma ruwan famfon mutum sama da miliyan ɗaya na birnin da kewaye daga kogin nan yake, har matatar man da ke Luján de Cuyo ma da shi take aiki.

Amma a nan wani malaminmu ya gaya mana abin da har yau in na tuna sai na yi murmushi. Da aka gama dam manoma suka fara ƙorafin wai ruwa ya yi tsabta da yawa. Ka ji fa, tsabta ta zama matsala. Ashe lakar nan da kogi ke ɗaukowa ita ce take liƙe ƙasan kanal ɗin da ba siminti, kamar yadda mata ke yaɓe daɓe, sai ruwa ya wuce bai tsiyaye ba, kuma in ta shiga gona ta kwanta ta zama ɗan taki. Yanzu lakar duk tana kwanciya a cikin dam, ruwan da ke fitowa garau yake, sai ya riƙa zurarewa ƙasa tun a hanya, ya kuma riƙa cin gefen kanal, a gona ma ya nutse da wuri kafin ya kai ƙarshen kunya. Har suna suka sa wa abin, aguas claras, ruwa garau. Dole aka shiga kashe kuɗi ana yi wa manyan kanal siminti. Dam ɗin kuma a hankali lakar tana cinye masa ciki, wannan kam ciwon kowane dam ne, namu ma haka.

Inda kogin ya fito daga cikin duwatsu ya shigo fili, a Luján de Cuyo, nan ne ainihin wurin da ake yanka shi. Akwai wata tsohuwar madatsa mai ƙofofi da wani injiniya ɗan Italiya, César Cipolletti, ya gina wajen 1890, sunansa take ɗauke da shi har yau. Ba tara ruwa take ba, karkatar da shi take cikin manyan kanal. Ka tsaya a kanta ka dubi yamma ka ga kogi, ka juyo gabas ka ga faffaɗan fili na tsakuwa da yashi, yawancin shekara ba komai a ciki. Kogin bai mutu ba, an dai sauya masa hanya ne, ya shiga kanal, kanal ta haifi 'ya'ya, 'ya'yan suka haifi jikoki, har zuwa 'yar lambatun da ta cinye min takalmi. Babbar kanal ɗin da ta ratsa birni sunanta Cacique Guaymallén, sunan wani sarkin mutanen Huarpe ne, 'yan asalin wurin, don su suka fara haƙa hanyoyin ruwan nan tun kafin Bature ya zo. Da Pedro del Castillo ɗan Sifaniya ya kafa garin a 1561 a kan aikinsu ya ɗora. Girgizar ƙasa ta rushe garin a watan Maris na 1861, da aka zo sake gini sai aka yi tituna masu faɗi da filaye da yawa don mutane su samu wurin gudu, aka bi su da bishiyoyi da asekiya, shine garin da ake gani yanzu.

To yanzu ga abin da ya kai ni, kuma a nan ne na ji kishi, ba zan ɓoye ba. Tun 1884 suke da dokar ruwa, kuma har yau ita ce ginshiƙi. Hukumar da ke kula da ruwan, Departamento General de Irrigación, kundin tsarin mulkin lardin ne ya ba ta 'yancin kanta, da kuɗinta da shugabanta mai wa'adin shekara biyar. Haƙƙin ruwa kuma a jikin gona yake ba a jikin mutum ba, ba za ka sayar da ruwan ka riƙe gonar ba, ba za ka ɗauke shi ka kai wata gonar don ka fi kowa baki ba, in ka sayi gona da ruwanta ka saya, in ba ta da shi to ka sayi filin kiwon awaki. Kowa na biyan kuɗin ruwa gwargwadon hektarsa. Kowace kanal manoman da ke sha daga ita su ke zaɓen wanda zai shugabance ta, da ƙuri'a. A ƙasan shi kuma akwai wani mutum da ake kira tomero, shine mai buɗe ƙofa da rufewa, da makullinsa da babur ko keke, ni dai sarkin ruwa na riƙa ce masa duk da na san a wajenmu sarkin ruwa na masunta ne. Ruwa layi-layi ake ba da shi, turno suke cewa, an rubuta ranar ka da awar ka da yawan awannin da za ka samu daidai da girman gonarka. In layinka ya faɗo ƙarfe uku na dare to ƙarfe uku na dare za ka fito da fitila da shebur da takalmin roba, in ka yi barci ruwa ya wuce sai wani zagayen. Da sanyi kuma akan rufe ruwan gaba ɗaya na wasu makonni a yashe kanal a gyara ƙofofi, kowa da rabonsa na yasa.

Mun bi wani tomero zagaye da sassafe, dattijo ne mai furfura da hular kaboyi, ba ya magana da yawa. Ya zo wata ƙofa ya duba agogo ya juya ƙarfen ya sa kwaɗo, mai gonar na tsaye yana kallo bai ce uffan ba duk da kunyoyinsa biyu na ƙarshe ba su jiƙa ba. Na sa aka tambayar min shi ko ana satar ruwa, ya kalle ni kamar na tambaye shi ko ana cin abinci, ya ce tun kakansa ake yi, ana fasa kwaɗo da dare, ana faɗa, har kotu ana zuwa. Na ji daɗin amsar nan fiye da duk laccocin da aka yi mana, don da na fara ɗauka mala'iku ne. Bambancin kawai shine su akwai takarda da awa a rubuce da wanda za ka kai wa ƙara kuma kai ka zaɓe shi. Na tuna Baba da tocila yana bin kanal da tsakar dare yana cire buhunan yashin da na gaba suka toshe da su, ya dawo da asuba jiƙe sharkaf, da safe kuma a gaisa a masallaci kamar ba a yi ba.

Sai maganar inabi, wadda na san wasu tun daga sama ita suke jira. Eh, yawancin inabin nan giya ake yi da shi, lardin Mendoza shi ke fitar da kusan kashi 70 cikin ɗari na giyar inabin Ajantina, kuma gonakin Luján de Cuyo da Maipú da kogin nan ke shayarwa suna cikin tsofaffin da aka fi ji da su. Irin da suka yi suna da shi, Malbec, wani masanin noma Bafaranshe Michel Pouget ne ya kawo shi a 1853, da jirgin ƙasa ya iso daga Buenos Aires a 1885 kuma baƙi daga Italiya da Sifaniya suka kwararo, sai harkar ta fashe. Ni ban sha ba kuma ba zan sha ba, duk inda aka kai mu aka jera kofuna sai in ce a ba ni ruwan inabin da bai tsima ba ko ruwa, da fari suna mamaki daga baya suka saba har su ke riga ni faɗa. Amma ƙin shan abu bai hana ka kallon yadda ake noma shi, manomi dai manomi ne.

Kuma noman akwai abin kallo. Ƙasar tsakuwa ce da yashi, irin wadda a wajenmu za a ce ba ta da albarka, duwatsun da kogi ya gangaro da su ne tun fil azal. Rana mai zafi, dare mai sanyi saboda suna mita 800 zuwa sama da 1,000 a sama, iska busasshiya don haka cutar ganye ba ta da yawa. Abin da ya ban mamaki shine da gangan suke horar da itacen da ƙishi, in 'ya'ya sun fara nuna sai a rage ruwa, wai in ya sha ya ƙoshi ganye zai yi ta yi 'ya'yan su yi lami, in ya wahala kuma 'ya'yan su fito ƙanana masu kaurin fata da zaƙi. Na tsinki ɗaya na ɗanɗana, ƙanana ne baƙaƙe cike da ƙwallo amma zaƙi kamar zuma. Ɗan shinkafa irina da ya saba ganin fangali cike maƙil har ruwa na kwana, sai da na yi shiru. Mutanenmu na Kudan da suka rungumi noman inabin ci, ina ga akwai abin dubawa a nan ko da irin ba ɗaya bane. Abokan gabarsu biyu ne, ƙanƙarar da ke faɗowa da hadarin zafi ta kakkarya amfanin shekara cikin minti goma, shi yasa za ka ga an lulluɓe gonaki da raga baƙa, sai kuma wata iska da suke kira Zonda mai gangarowa daga dutse, ka ɗauka hunturu ne amma an hura masa wuta, zafi da ƙura da bushewar leɓe. Kuma ba inabi kaɗai ruwan ke yi wa aiki ba, akwai zaitun, akwai tumatir na gwangwani, akwai tafarnuwa mai yawan gaske da ake lodawa zuwa Birazil, wani inabin ma matse shi ake a dafe ruwan ya yi kauri a sayar wa masu lemon kwalba a ƙasashen waje.

Tun wajen 2010 dusar ba ta zuba kamar da, shekara bayan shekara kogi na zuwa ƙasa da yadda aka saba, ƙanƙarar saman ma tana ja da baya. Masu kuɗi sun koma ban ruwa na ɗigo da rijiyoyin burtsatse, ƙananan manoma na nan da kunya da shebur suna jiran layin da ya ƙara nisa. Shi yasa ba sa wasa da maganar ruwa ko kaɗan. A Disambar 2019 majalisar lardin ta sassauta wata doka mai lamba 7722 da ta hana amfani da guba irin su sayanaid wajen haƙar ma'adinai, mutane suka fito dubbai, manoma da 'yan birni da ɗalibai, wasu suka tako tun daga garuruwa masu nisa har gidan gwamnati, ba a yi sati biyu ba gwamna Rodolfo Suárez ya janye aka dawo da dokar yadda take. Har lokacin da na je rubutun na nan a bangaye, wai ruwan Mendoza ba abin ciniki bane.

Da a nan aka tsaya da na dawo gida ina ta yabo. Sai a satin ƙarshe wata malama cikin masu koyar da mu ta ce duk wanda ke son ganin wutsiyar kogin ya shirya ranar Lahadi, ba ya cikin jadawali, mu biyar muka je. Daga Luján kogin yana yin gabas ne sannan ya lanƙwasa arewa, ya nufi yankin Lavalle har iyakar lardin San Juan, inda a da yake zubewa cikin wasu tafkuna da fadamu da ake kira Guanacache. Nan ne jikokin Huarpe ɗin nan suke, waɗanda kakanninsu suka haƙa kanal ɗin farko. A da masunta ne, suna saƙa kwalekwale da kwanduna da wata ciyawar ruwa mai kama da kacalla, suna shuka alkama a inda ruwa ya janye, kifinsu har cikin birnin Mendoza ake kai shi. Da gonakin inabi suka yi ta faɗaɗa a sama tun ƙarshen ƙarni na 19, ruwan da ke isowa ya yi ta raguwa har ya zama sai shekarar da aka yi dusa mai yawa sosai. An sa wurin cikin jerin dausayin duniya na Ramsar a 1999, amma abin da na gani da idona tudun yashi ne, da bishiyoyi masu ƙaya, da awaki, da wani tsohon coci fari na ƙasa a Laguna del Rosario, da tankunan roba a ƙofar gidaje. Ruwan rijiyar wurin ma gishiri ne da shi. Muka tsaya a kan wata gada, ƙarƙashinta ƙasa ce ta tsattsage, malamar ta nuna ta ce wannan shine kogin Mendoza.

Ban ce komai ba a motar har muka dawo. Ina ta tunanin wani zuwa da na yi Nguru shekarun baya, yadda wani masunci da ya ji daga inda nake ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba ya ce ashe ku ne kuke shanye mana ruwa. Lokacin haushi na ji, don ni a sanina mu ne 'yan wutsiya, mu ake zalunta. Ban taɓa kawowa a raina cewa tun da aka gama Tiga a 1974, aka ƙara da Challawa a 1992, ambaliyar da fadamun Haɗeja da Nguru ke rayuwa da ita ta ragu ba, kuma tumatirin Baba na cikin abin da ya sha ta.

Da na dawo na kai wa Baba tsarabar zabibi da man zaitun, na zauna ina ta ba shi labarin tomero da kwaɗo da awa a rubuce, ina nuna mishi hotuna a waya, dam ɗin, dutsen, titunan masu rumfar bishiya. Yana ta gyaɗa kai yana tauna zabibin. Da na gama sai ya ce, to na ƙarshen layi fa, suna samu? Na lalubo hoton gadar nan na miƙa mishi. Ya kawo wayar kusa da ido ya daɗe yana kallo, ya sa yatsa yana ƙoƙarin faɗaɗa hoton bai iya ba na faɗaɗa mishi, ya ce ina ruwan? Na ce Baba ai shine wannan ɗin. Ya miƙo min wayar, ya ce in duba mishi ko tocilarsa ta yi caji, yau da dare yake sa ran ruwa zai iso.